Gem ɗin Goggo Dije Ba Caca Ba Ne

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Kwamitin cibiyar koyar da mata kwamfuta ta unguwarmu, Hausari, Potiskum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya kuma hidima da jama'a? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da mu.

Ku ma ƙawayena da ke biye da ni a nan shafina na intanet, sannunku. Na ga saƙonninku duka, da masu cewa Bintu ina kika shige, da masu cewa ko an kawo kuɗin gaisuwa ne na ɓoye muku. Ba aure ba ne, ku kwantar da hankalinku. Abin da ya ɗauke ni sati uku ya fi aure ban mamaki. A taƙaice dai, an naɗa ni uwar 'yan cacar Hausari, ni da ko ludo aka zauna da ni sai an kore ni tun zagayen farko. Ku gyara zama, amma ku bari in fara da Baba, don wasiƙarsa ce.

Baba, na so in zo har gida in faɗa maka wannan baki da baki. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidanka, ina durƙusawa sai in ji gaisuwa ce kawai ke fita. A waya bakina ya fi buɗewa. Kuma maganar da aka yi a kaina a fili aka yi ta, har wajen injin niƙa da bakin famfo, shi ya sa na ga gara tawa ma ta fito fili. Ba rashin kunya na zo yi ba. Raina a sanyaye yake yanzu, alhamdu lillahi. Akwai dai abubuwan da in ban faɗa ba za su iya sake faruwa da wata.

Na ɗaya, yadda gem ya shigo ajin safe.

Ka san ni ba mai takarda ba ce, a aji uku na sakandare na tsaya. A cibiyar nan na koyi kwamfuta, kuma kai da bakinka ka ce in riƙe ajin safe na iyaye mata, tunda malaman da ke da shaida sai yamma suke zuwa wajen 'yan mata. Mata tara ne, kwamfuta shida, irin na tebur ɗin nan masu ƙaton akwati a ƙasa da ke gurnani kamar firij.

Abin da ba wanda ya faɗa min shi ne wahalar maus. Baba, matan nan za su tuƙa tuwon mutum talatin ba su ce wash ba, amma ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur ya gagare su. Wata ta ɗaga shi sama tana nuna allon da shi kamar rimot. Iya Kolo kuwa, wata dattijuwa Babarbariya da ke bayan layinmu, da hannu biyu take danne shi, wai kada ya gudu. In aka ce a danna sau biyu da sauri, sai a danna ɗaya, a huta, a yi salati, sannan a danna na biyu. Sati biyu ina fama da su a wajen zane, su ja layi su goge, har suka fara hamma suna tambayata ƙarfe nawa.

Sai na tuna da gem ɗin kati da ya zo tare da kwamfutocin tun asali. Ba ya son data, ba kiɗa, ba abokin wasa. Kati ne a jere, ka ja ja ka ɗora kan baƙi, ka ja baƙi ka ɗora kan ja, har su ƙare. Cikin sati ɗaya kowacce ta iya ja, ta iya saki, ta iya danna biyu. Daga nan muka wuce buɗe burauza, wato ƙofar shiga intanet, da rubuta suna. Gem ɗin ya zama na minti goman farko, a ɗumama hannu.

Laifina a nan shi ne ban zo na faɗa wa kwamiti ba. Ban ɗauka abin faɗa ba ne. Na yarda da wannan.

Na biyu, Goggo Dije.

Yayar babana ce. Duk wanda ya daɗe yana shiga kasuwar shanu ya san ta, ko bai san sunanta ba ya san masarta. Fiye da shekara ashirin tana toya masa a can, ranar Laraba kuwa dillalai da direbobin tirela layi suke yi a gabanta. Shekara biyu ke nan, bayan babbar sallah, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da taimakon Allah ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi.

A asibiti sun ce ta riƙa matsa ƙwallon roba, ta riƙa tsintar wake ɗaya-ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan. Ta yi kwana uku, ta cilla ƙwallon ƙarƙashin gado ta ce ita ba 'yar raino ba ce. Ba rashin sana'ar ne ya fi cin ta ba, Baba. Cin abinci da hagu ne. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, ta'aziyya ma in ta je sai ta tashi kafin a kawo abinci. In za ta miƙa wa ko jikanta abu sai ta ce a yi haƙuri da hagu. Matar da a da muryarta ke kaiwa layi uku ta koma zama a ɗaki tana kallon labule.

Ni na ja ta zuwa ajin, ba don ta koyi komai ba, don dai ta ga mutane. Ta zauna bayan Iya Kolo tana kallo. Kun san Goggo, ba ta iya ganin ana aiki ba ta sa baki ba. Ga jan nan kin wuce shi, ɗora shi can, ke idonki ina yake. Rana ta uku Iya Kolo ta ture kujera ta ce to malama, zo ki yi da kanki mu gani.

Ta zauna, ta miƙo hagu. Ni kuma na mayar da maus ɗin dama na ce mata wayarsa ba ta kaiwa wancan gefen. Ƙarya na yi, Allah ya yafe min, wayar tana kaiwa har da saura. Na ɗora hannunta a kai, na ɗora nawa a kan nata. Watan farko kati ɗaya sai ya ci mata minti biyar, gumi na zuba, katin ya kuɓuce a hanya ya koma inda yake, ta zage shi ta sake. Wake bai taɓa ba ta haushi irin haka ba, shi ya sa ta bar wake. Katin kuwa ta ce sai ta ga bayansa. Wata na biyu na cire hannuna. Wata na huɗu tana riga ni shiryawa da safe, in na tsaya duba waya sai ta aiko a ce min rana ta yi.

Na uku, ranar da abin ya faru.

Litinin ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Goggo ta gama gem ɗin gaba ɗaya, ita kaɗai, karon farko. Wanda ya taɓa bugawa ya san in aka gama katin tsalle suke yi, su cika allon suna zubowa. Goggo ta tsorata ma, ta ɗauka ta ɓata kwamfutar. Da na ce mata ai kin gama ne, sai Inna Wuro, Bafulatanar da mijinta ke dillancin shanu, ta rangaɗa guɗa.

To Baba, me mata ke yi in aka yi abin farin ciki? Abin da muka saba shi aka yi. Iya Kolo ta kwance haɓar zaninta ta ajiye mata goro biyu a gaban kibod. Wata ta zuba dabino, wata alewa. Inna Wuro ta ciro sabuwar takardar kuɗi ta liƙa mata a goshi kamar amarya. Ana dariya, wasu na share ido.

Daidai nan wani daga cikin 'yan kwamitinka ya turo ƙofa, ya zo duba batirin sola. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga ya ba da haƙuri. Ya ga kati a allo, ya ga goro da dabino a tebur, ya ga kuɗi a goshin dattijuwa, mata na shewa. Ya juya bai ko ƙarasa sallamar ba.

Gaskiya ko ni ce na shigo a wannan lokacin sai na tsaya na yi tunani. Amma zan tambaya. Ƙorafina ke nan na farko kuma shi ne babba: daga ranar Litinin ɗin har aka yanke hukunci, babu mutum ɗaya da ya tambaye ni ko ɗaya daga cikin matan nan tara me ya faru. Kafin la'asar ƙawata ta kira ni daga unguwar Yindiski tana tambaya wai da gaske ne ina tara matan aure muna buga karta da kuɗin cefane. Washegari Talata saƙonka ya zo: an rufe ajin safe, in mayar da mukulli, a goge duk wani gem. Babana ya yi kwana huɗu bai zauna a majalisarsu ba, daga masallaci sai gida. Bai yi min faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi min sauƙi.

Na huɗu, sharar da Malam Audu ya yi.

Malam Audu mai gyara mutumin kirki ne, in kwamfuta ta ƙi tashi shi ke tayar da ita. Amma cire gem ɗin nan aikin minti ɗaya ne, a shiga wuri ɗaya a cire alama ɗaya. Shi kuwa da aka ce masa a goge komai na banza, sai ya sauke wata manhajar shara ta kyauta, mai hoton tsintsiya, ya sa alama a duk akwatunan da ta nuna masa, ya danna. Haka ya yi wa duka shidan.

Bari in faɗa maka abin da ya share, don na san ba a faɗa maka ba. Matan ajinmu yawancinsu ba sa karanta boko sosai. Kowacce ta san kwamfutarta da ƙyallen atamfa da ta ɗaura a wayar maus. In ta buɗe burauza akwai 'yan hotuna a jere a shafin farko, da su take gane hanya. Iya Kolo ta san koren nan shi ne inda take bin karatun Alƙur'ani, shuɗin kuma nan ne ɗanta da ke aiki a kudu yake turo mata hotunan jikoki. Wata ta san inda take kallon sabon ɗinki. Faswod kuwa burauzar ce ke riƙe musu, ba wadda ta haddace nata. Wata shida muna jera waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsintsiyar ta kwashe su duka cikin ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa.

Wannan ma da sauƙi. Wajen saka manhajar, Malam Audu ya yi ta danna gaba, gaba, gaba bai karanta ba, sai ta shigo da 'yan rakiya. Shafin farko ya canja zuwa wani da ba wanda ya san shi. Kuma duk bayan 'yan mintoci sai wani akwati ya leƙo daga kusurwar allo. Tallan me? Tallan cacar ƙwallo, Baba. Sa kaɗan ka kwashi da yawa, da hoton wasu mata da ban san inda suka bar kayansu ba. In ka rufe ɗaya, biyu su fito. 'Yan matan ajin yamma, 'ya'yan mutane, kusan sati uku suna karatu suna tare kusurwar allo da littafi. Kunya ta hana su faɗa wa malamansu maza, ni suke turo wa hoton a waya suna tambaya yaya za su yi, ni kuma ba ni da mukulli.

Wato cacar da aka rufe ajinmu dominta ba ta taɓa shiga cibiyar nan ba sai ranar da aka zo korar ta.

Na biyar, sati ukun da Goggo ta yi a ɗaki.

Nawa sunan da aka ɓata ya dame ni, ba zan yi ƙarya ba, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Amma abin da ya hana ni sukuni hannun Goggo ne. Ta koma gadonta ta ce ita ta ja min, da ta zauna a ɗakinta da ba a zagi 'yar ƙaninta ba. Na sa mata irin gem ɗin a wayata, ba ya yiwuwa, katin sun yi ƙanana, yatsanta sai ya taɓa uku a lokaci ɗaya. Na nemo ƙwallon roba daga ƙarƙashin gado, ta kalle ni kawai na mayar. A sati na biyu na kai mata kunu na ga ta karɓa da hagu, na kalli na daman a cinyarta, yatsun sun fara naɗewa ciki kamar da. Tun a asibiti an gaya mana in aka bar shi haka yake yi, kuma in ya daɗe ba lallai ya sake buɗewa ba. Kullum da safe kafin in gaishe ta yatsun nake fara kallo.

Na shida, kuma a nan ne zan gode maka.

Iya Kolo da Inna Wuro ne suka je gidanka suka zauna wajen Hajiya uwargidanka, suka ce ba za su tashi ba sai ka dawo daga kasuwa. Ka saurare su. Wani shugaban cewa zai yi an riga an gama magana. Kai ka kira zama ranar Asabar da hantsi a cikin cibiyar, ka gayyato Malama Hafsatu ta Islamiyyar matan aure ta zo ta gani da idonta. Allah ya biya ka.

Ka ce in kunna kwamfuta in dawo da gem ɗin a gaban kowa. Ina kunnawa, ban ma kai ko'ina ba, akwatin nan ya leƙo da 'yan matansa. Malama ta yi a'uziyya ta kawar da kai. Kai kuma ka juya ka kalli Malam Audu, shi kuma ya kalli silin. Wallahi ban shirya wannan ba, Baba, ko da yake da na san zai fito daidai lokacin ma ba zan hana shi ba.

Na rufe, na dawo da gem ɗin, na buga kaɗan. Malama ta ja kujera kusa ta yi tambayoyinta a natse. Da wa ake bugawa? Na ce ba kowa. Me ake sawa kafin a fara? Ba komai. In mutum ya faɗi me ake karɓa a wajensa? Iya Kolo ta ce ba abin da ake karɓa sai ɓacin rai. Sai Malama ta ce to goro da kuɗin fa?

Ban san Goggo za ta yi magana ba. Da kyar ma ta yarda aka sa ta a daidaita sahu aka kawo ta. Ta miƙe da sandarta, ta ciro wani ƙullin leda daga cikin hijabi. Ashe duk abin da aka ba ta ranar nan ta ƙulle ta ajiye ƙarƙashin filo, ko ni ban sani ba. Goron ya bushe ya yi baƙi, alewar ta narke ta manne da takardar kuɗin.

Ta ce, "Malama, ga shi nan ban taɓa ko ɗaya ba. In na caca ne a zubar. In kuma halal ne a gaya min yau, don sati uku dabinon nan yana kallona ina kallonsa."

Aka yi dariya, har kai. Sai dariyar ta tsaya, don ta mayar da ƙullin hannun dama za ta miƙa. Hannun na rawa, ledar na ƙara. Na yunƙura zan taimaka, Iya Kolo ta riƙe min hijabi ta baya. Tsakaninta da Malama bai fi taku biyu ba, amma ni na ga kamar ba za a kai ba. Malama ba ta matso ba, ta dai buɗe tafinta ta jira har ƙullin ya sauka a ciki.

Goggo ta ce, "Shekara biyu ban miƙa wa babban mutum abu da wannan ba."

Malama ta ce kyautar barka ce, halal ce, ta ci dabinonta. Ta ce gem ɗin ba caca ba ne tunda ba abin da ake sawa ba abin da ake ci, amma hoton karta yana da suna a wajen mutane, in an samu wani gem ɗin da zai yi aikin ba tare da kati ba ya fi kwanciyar hankali, kuma kada ya cinye lokacin karatu. Game da Goggo kuwa ta ce wannan magani ne, kada a tsayar mata ko na kwana ɗaya. Kai kuma ka cire hula ka shafa kai ka ce an yi gaggawa, a buɗe aji ranar Litinin. Wanda ya kai maganar ya zo ya durƙusa gaban Goggo. Ta ce masa shekara nawa yana cin masarta a kasuwa, ya taɓa ganin ta da karta? Ta ce ya tashi, ta yafe, amma nan gaba in ya yi sallama ya tsaya a amsa.

Kwana biyu na yi ina kwashe abin da tsintsiyar ta shigo da shi. 'Yan guruf ɗinmu na masu harkar kwamfuta ne suka yi ta nuna min ta waya, shiga nan, cire wancan, duba cikin burauzar akwai wani ɗan abu da ya maƙale a sama, shi ne uwar tallan. Na gode muku, kun san kanku. Yanzu duka shidan tas suke. 'Yan hotunan shafin farko na sake jera wa kowacce nata yadda ta saba. Akawun ɗin intanet na sauran matan sun dawo da lambar da ake turowa ta waya. Na Iya Kolo ne ya ƙi, don da wani tsohon layinta aka buɗe, layin kuma ya bi wayar da ta faɗa rijiya tun bara. Mun buɗe mata sabo, ɗanta ya sake turo wasu hotunan, amma na ranar sunan jikarta ta fari shi ma ba ya da su yanzu. Ta ce ba komai, yarinyar tana nan da ranta. Ni dai na san ta ji. A nan ma ina da laifi, ya kamata tun farko in rubuta wa kowacce faswod ɗinta a takarda. Yanzu na yi, kowacce ta kai nata inda take ajiye abin da ba ta son a gani.

Goggo ta koma kujerarta. Kwana ukun farko hannun ya yi gardama, na huɗu ya saki. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce aka yi suna a Yindiski gidan 'yar ƙanwarta, ita ta ce a kai ta. Aka kawo shinkafa a babban faranti, ta zauna cikin sa'o'inta ta sa hannun dama. Rabi na kaiwa baki, rabi na zuba a zani, ko a jikinta, tana ci tana ba da labarin zaman kwamiti, tana ƙara gishiri. Na ciro waya zan ɗauka, kun san halina. Sai na mayar da ita jaka na tsaya na kalla kawai.

Yanzu ga roƙona, Baba.

Na farko, a wanke mu a inda aka ɓata mu. Labarin caca ya zaga unguwa uku a yini ɗaya, amma maganar Malama a cikin ɗaki ta tsaya, mutum goma sha wani abu ne suka ji. Har yau mata biyu ba su dawo aji ba, don mazajensu labarin farko kawai suka ji. Ni ba zan iya zuwa in tsaya gaban mijin wata in yi bayani ba, ba tsarana ba ne. Kai in ka faɗa sau ɗaya bayan sallar magariba, ko ka taka ka same su, an gama. Ɗaya daga cikin matan saura kaɗan ta iya rubuta sunan 'ya'yanta duka.

Na biyu, duk wanda zai taɓa kwamfutocin nan, ko gyara ko gogewa, a kira masu amfani da su su tsaya a wajen. Kuma kada a sake saka wata manhaja ba a karanta abin da take tambaya ba, ko da kyauta ce, musamman ma in kyauta ce. Ba ina cewa a sallami Malam Audu ba, don Allah kada a yi. Abin da aka ce ya yi shi ya yi, ya dai zarce. Shi da kansa ya zo ya zauna kusa da ni rana ta biyu yana cewa in nuna masa inda abin ya maƙale.

Na uku, kada ka ji haushi. Ka zo wata safiya ka zauna a ajinmu ka riƙe maus na minti biyar. Na lura duk zuwan da kake yi a tsaye kake, hannu a baya. Matan sun ce za su ba ka kwamfutar da ke kusa da taga, kuma Goggo ta ce ita za ta koya maka, ba za ta yi maka tsawa da yawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka daga masu kawo magana rabi, ya sa wannan cibiya ta zame maka sadaka mai gudana. Allah ya saka wa Hajiya da Malama da alheri. In na faɗi abin da bai dace da 'ya ta faɗa wa uba ba, a yafe min, ƙuruciya ce da zafin abin da ya wuce.

Ku kuma ƙawayena, aiki ya same ku. Malama ta ce a nemo wani gem ɗin, ni kuma na gwada uku duk Goggo ta ƙi su. Na ƙwallaye masu launi ta ce na yara ne, na mota ya sa ta jiri, na gona kuma ta ce ita da ta bar noma tun tana budurwa ba za ta koma a kwamfuta ba. Ina son wanda ake ja a saki da maus, ba kati, ba kiɗa, ba ya son data, kuma tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka. Wanda ya san irinsa ya rubuto min a ƙasa. Wadda kuma irin wannan tsintsiyar ta taɓa share mata abu, ko akwatin tallan nan ya taɓa leƙo mata a gaban surukarta, ta ba mu labari, kada a bar ni ni kaɗai. In kuma kuna da mai irin ciwon Goggo a gida, ku faɗa min me kuka gwada da ya yi, zan karanta mata duka.

Wassalamu alaikum.

'Yarka, Bintu, mai ajin safe.